Ɗan gidan wa ne? Tambayoyi da amsoshi kan asali, sarauta da talauci a Damagaram

Duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwa neman aure a Zinder ya san tambayar da ake fara yi da zarar an gama gaisuwa an ajiye goro. Ba a farawa da abin da yaro ya karanta, ko nawa yake samu a wata. "Ɗan gidan wa ne?" Amma in gari ya waye, mai garuwa ba ya tambayar asalinka kafin ya juye maka ruwa a randa, hannunka yake kallo. Tsakanin waɗannan ma'aunai biyu mutanen Damagaram ke rayuwa, kuma yawancin gardamar da ake yi a majalisa wajen shayi daga cakuɗa su take tasowa.

Me ake nufi da rabe-raben matsayi a cikin al'umma?

Shi ne jeruwar mutane hawa-hawa, wasu sama wasu ƙasa, ta yadda hawan da aka haife ka a kai yake da hannu a abin da za ka ci, wadda za ka aura, da ko za a saurare ka in ka kai ƙara. Karl Marx ya ce tushen abin mallaka ce: akwai mai gona ko masana'anta, akwai wanda ba shi da abin sayarwa sai ƙarfinsa. Max Weber, Bajamushen da ya rasu a 1920, ya ce tsanin uku ne: dukiya, daraja da iko. A garinmu maganar Weber ta fi zama daidai. Limamin unguwa na da daraja, aljihunsa kuwa sai a hankali. Ɗan sarkin da ya rasa sarauta ana cire masa takalmi, amma bashi yake ci a wajen mai shago. Dillalin man fetur yana da kuɗin da zai sayi layinsu gaba ɗaya, ga shi har yau ana raɗa sunan sana'ar kakansa in ya juya baya.

Yaya aka jera mutane a Damagaram ta da?

Masarautar ta taso ne a ƙarni na 18 a ƙarƙashin inuwar Barno, shi ya sa sarautu irin su Ciroma, Galadima da Kaigama suke da ƙamshin Barebari. A sama akwai sarki da ƴan sarki da masu sarauta. Kusa da su malamai da attajirai. Sai talakawa, wato ƴaƴa masu ƴanci da ba su riƙe da kowace sarauta: manoma, makiyaya, masu sana'ar hannu. A can ƙasa bayi.

Taswirar garin ma ta nuna haka. Birni, cikin ganuwa, nan fada take da gidajen masu sarauta. Zango kuwa masaukin fatake ne da ayarin Abzinawa, nan kuɗi ke kwana. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884 bayan shekara talatin ko fiye a karaga, aka ƙarfafa ganuwa, aka tara bindigogi har da igwa, ciniki da Tarabulus da Kano ya bunƙasa. Fatu da gashin jimina suna cikin kayan da ake fitarwa. Mutane ma suna ciki, kuma wannan ne ɓangaren da maroƙa ba sa sakawa a kirari. James Richardson, Baturen Ingila da ya zauna a Zinder a farkon 1851, ya rubuta yadda ya ga ana shigowa da waɗanda aka kamo a hari, mata da yara, ana kai su kasuwa. Ƙasaitar da muke alfahari da ita, a kan wuyan wasu aka gina wani sashe nata, kuma jikokinsu suna nan tare da mu a sahu ɗaya na sallah.

Da gaske ne bawa na iya fin ɗa ƙarfi?

Ƙwarai kuwa. Bauta ba iri ɗaya ba ce. Wanda aka kamo jiya aka ɗaure a kasuwa daban, bacucanen da aka haifa a gida, wanda abin kunya ne a sayar da shi, daban. Bayin sarki kuma wani abu ne na uku. Sarki ya fi amincewa da bawansa a kan ƙaninsa, domin ƙani na iya neman karaga, bawa ba shi da gadonta. Saboda haka bayin fada suka riƙe baitulmali, makamai da ƙofar shiga wajen sarki, talaka mai ƴanci yana tsuguna musu.

Ga misali daga tarihinmu. Bayan kashe Kyaftin Cazemajou, hafsan sojan Faransa, a 1898 zamanin Amadu Kuran Daga, da yaƙin Tirmini a 1899 wanda ya ba Faransawa garin, a 1906 Nasara suka tuɓe Sarki Amadu ɗan Basa bisa zargin shirya musu tawaye. Wanda suka ɗora ya riƙe ƙasar shi ne Ballama, bawan fada, kuma ya riƙe ta shekaru da dama kafin a mayar da sarautar gidanta a 1923. Ya yi iko, an ji tsoronsa, amma ba a taɓa ƙirga shi cikin jerin ƴan gado ba.

Me ya sa ake raina wasu sana'o'i alhali kowa na buƙatarsu?

Wannan tambayar ta fi kowace ban haushi, don amsarta ba ta da kan gado. Bahaushe ya raba sana'a gida biyu, ta gado da ta haye, yana kuma yabon ɗan gado: kyan ɗa ya gaji ubansa. Maƙera, mahauta, wanzamai, majema, dukawa, marina, masaƙa, makaɗa da maroƙa, kowane rukuni da sarkinsa da fada ta naɗa, Sarkin Fawa, Sarkin Maƙera, Sarkin Aski. Sai dai ba a ajiye su a hawa ɗaya ba. Maƙeri ana jin tsoronsa saboda wuta da asirinta, kuma ba shi babu fartanya, babu noma. Mahauci da majemi an tura su ƙasa saboda jini da wari. Maroƙi da makaɗi an ce ba su da kunya, tunda da baki suke ci.

To ka duba: fatar Zinder da jakunkunan da dukawanmu ke ɗinkawa sun kai sunan garin nesa, amma mai jemar fatar ba a son ba shi ƴa. Ranar suna wanzami ake jira, ranar sallah mahauci ake lallashi. Maroƙin da ake cewa ba ya da daraja shi ne mai riƙe da darajar kowa a bakinsa, in ya ƙi ambaton sunanka a taron biki sai ka kwana da baƙin ciki.

Duk da haka kada a kwatanta wannan da tsarin Indiya kai tsaye. Can sai da tsarin mulkin 1950 ya haramta ƙyamar taɓa wasu mutane. A nan ana cin tuwo a akushi ɗaya da mahauci, ana bin sa sallah in ya fi kowa karatu. Katangar a wuri guda take tsayawa da ƙarfinta: aure.

To yaya abin yake faruwa a wajen aure?

Ba a fito fili a ce "mun ƙi shi don ɗan mahauta ne." Ana cewa za a yi bincike. Sai a tura wata gwaggo ko wani kawu ya zaga unguwar su yaron. Abin da ke biyo baya kusan kowa ya taɓa jin irinsa ta bayan labule:

"Gwaggo, injiniya ne fa, yana da aikinsa, ba ya shan komai."

"Na ji, ƴar nan. Ni ma ban ce yana da aibi ba. Amma kin san kakansa wa yake yi wa kiɗa? Kakanki. Ranar biki danginsa za su zauna a tabarma ko za su tashi su ɗauki kalangu?"

"Gwaggo, wannan ai zancen da ne."

"Zancen da shi ke hana na yanzu barci. Ƙwarya ta bi ƙwarya."

Daga nan sai a ce wa iyayen yaro an riga an yi mata miji a dangi. Abin lura, ƙa'idar tana da sassauci ta gefe ɗaya. Namijin babban gida na iya ɗauko ƴar ƙaramin gida, a yi ɗan gunaguni a wuce, tunda ƴaƴa gidan uba suke bi. Macen babban gida ce ba a bari ta "sauka". Kuɗi masu yawa kuma suna rage wa gwaggo ƙarfin tunawa. Na ga gidajen da aka hana malamin makaranta ƴa saboda asali, bayan shekara biyu aka ba wani mai asali iri ɗaya da shi, don ya zo da mota da kujerar Makka.

Musulunci ya yarda da wannan?

Aya ta 13 a Suratul Hujurati ta ce an yi mu ƙabila-ƙabila ne don mu san juna, kuma mafi daraja a wajen Allah shi ne mafi taƙawa. Bilal bawa ne da aka ƴanta, shi ne ladanin farko. Zaidu ɗan Harisa ƴantacce ne, aka aura masa Zainab ƴar Jahshi, ƴar gwaggon Annabi (SAW). Malaman Malikiyya, mazhabar da muke bi, in suna maganar dacewar miji da mata sun fi nauyaya addini da kuɓuta daga aibin jiki a kan nasaba.

Masu kare bambanci sukan jawo ayar da ta ce an ɗaukaka wasu a kan wasu a arziki. Gaskiya ne akwai ta. Amma littafin da ya faɗi haka shi ya wajabta zakka: ɗaya cikin arba'in na dukiyar da ta kai nisabi ta shekara, ɗaya cikin goma na amfanin gonar da ruwan sama ya shayar, ɗaya cikin ashirin in da wahalar ban ruwa aka noma. Haƙƙi ne, ba kyauta ba. Tara mabuƙata a ƙofar gida cikin rana ana miƙa musu ƴan canji ana ɗaukar hoto, wannan wani abu ne daban.

Bauta ta ƙare a Nijar?

A takarda ta ƙare tun dokar Faransa ta 1905. A 2003 Nijar ta mayar da ita babban laifi mai hukuncin ɗaurin shekara 10 zuwa 30, bayan dogon matsin lamba daga ƙungiyoyi irin su Timidria, wadda aka kafa a 1991. A 2008 kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta yanke hukunci a shari'ar Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana ƴar shekara 12, ta ce gwamnati ta gaza kare ta, ta kuma umarci a biya ta diyyar sefa miliyan 10. Al'adar wahaya, wato "mace ta biyar" da ake saye ba tare da ɗaurin aure ba, an fi saninta a yankin Tawa, wajejen Ƙonni da Madawa.

A cikin garin Zinder ba za ka ga kasuwar bayi ba. Abin da ya saura tabo ne: kalmar da ake jefa wa mutum in faɗa ya yi zafi, gonar da iyali suka noma shekara ɗari amma aka ce ba su da ikon sayarwa, limancin da ake hana wani. Ko kalmar "buzu" da muke kiran duk Abzinawa da ita, asalinta sunan rukunin bayinsu ne.

Me zuwan Nasara ya canza?

Ya kawo tsani na uku, takarda. Zinder ce hedikwatar mulkin mallaka daga 1911 har 1926, lokacin da aka mayar da ita Yamai, kuma wannan ƙaurar har yau ba ta bar yi wa Damagarawa ciwo ba. Lakwal, wato makarantar boko, ta fito da sabon rukuni: tafinta, akawu, mushe mai koyarwa, ma'aikacin likita. Tsofaffi na ba da labarin yadda wasu manya suka ɓoye ƴaƴansu suka tura ƴaƴan barorinsu makarantar Nasara, sai ga ɗan bara ya dawo da hular kumandan. Talaka kuwa lanho, wato haraji, da aikin tilas ya samu, har aka soke aikin tilas a 1946. Daga baya cinikin gyaɗa ya yi sababbin alhazai a Magarya da Matamaye, kafin farin 1973 da na 1984 su karya manoma da makiyaya da yawa su turo su gefen gari.

Yau su wa ke sama?

Manyan ƴan kasuwa masu hulɗa da Kano, Dubai da Sin, masu manyan motoci, ƴan kwangila, manyan jami'an gwamnati da na soja, da ƴan siyasa in zamaninsu ne. Sarauta ba ta mutu ba. Doka ta sa sarakunan gargajiya cikin tsarin mulki, ana ba su alawus, suna sasanta rikicin gona da na aure, kuma ba mai tsayawa takarar sarauta sai mai gadonta. Amma yanzu attajiri ke neman rawani don ƙawa, fada kuma na neman attajiri don hidima.

A tsakiya akwai ma'aikata, malaman makaranta, masu shago. Kada rigar shadda ta ranar Juma'a ta ruɗe ka. Malamin kwantiragi da albashinsa ke ciyar da mutum goma sha, ciwo ɗaya ne tsakaninsa da sayar da babur. Mafi ƙarancin albashi a hukumance sefa 42,000 ne tun farkon 2024, jikka arba'in da biyu ke nan, kuma mafi yawan mutanen gari, ƴan kabu-kabu, ƴan dako, masu talla, ba su ma cikin tsarin da wannan doka ke aiki.

Me ake nufi in an ce talaka ya fi mai kuɗi biyan tsada?

A Zinder ba sai an je nesa ba, a dubi ruwa. Garin a kan dutse yake zaune, ƙarancin ruwa tsohon ciwonsa ne. Mai hali yana da famfo a gida da tanki a sama, in ruwa ya zo da tsakar dare ya tara na kwanaki. Marar hali yana da bido, wato jarka. Ka fita da asuba a watan Afrilu ka ga layinsu, rawaya-rawaya, an jera tun daren jiya, an ɗaura wa kowane tsumma ko igiya don kada a musanya, yarinya ƴar shekara tara tana gyangyaɗi a kan nata. Ruwan da za ta kai gida, in aka auna lita da lita, ya fi na mai famfo tsada, ga kuma darasin safe da ta rasa.

Hatsi ma haka. Da kaka ƙaramin manomi na sayar da gero da araha, don ga bashi, ga biki, ga magani. Mai sito ya saya ya rufe. In damina ta faɗi rumbu ya ƙare, manomin nan zai dawo ya sayi geron da tiya-tiya a farashin da ya ninka. In abin ya ci tura ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago a ta wani, daidai lokacin da tasa ke son noma, ko ya jinginar da ita. Gonar da aka jinginar kuwa ba kasafai take komowa ba. Ga gado yana daddatsa filaye: jihar Zinder ce ta fi kowace yawan jama'a a ƙidayar 2012, sama da mutum miliyan uku da rabi, gonar kaka ɗaya yau jikoki ashirin ke kallonta.

Ina matsayin Kara-Kara da ƴan pale a wannan tsani?

Kara-Kara unguwa ce da aka keɓe wa kutare a gefen gari. Kuturta tana warkewa, maganinta kyauta ne a duniya tun 1995, amma sunan unguwar ya bi jikokin da ba su taɓa yin ciwon ba. Yaro ya je neman aiki, da ya faɗi inda yake kwana sai fuska ta canza. Da yawa sun tashi ba takardar haihuwa, ba lakwal, sai fasa dutse, dako, ko sayar da man ruwa-ruwa da ake shigowa da shi daga Najeriya, sana'ar da ita ma ta girgiza da aka cire tallafin mai a can a 2023.

Daga irin waɗannan unguwanni ƙungiyoyin samarin da ake kira pale suka yi suna, da ɗaga ƙarfe da faɗan layi. Ba na wanke su, an ji wa mutane ciwo, an ci zarafin mata. Amma ka lura da sunan: pale a Faransanci fada ce, gidan sarki. Samarin da ba su da gado ba su da aiki sun kafa tasu masarautar a gindin bango, da shugaba da muƙamai. Masu neman ƙuri'a sun san hanyar wajen sarai in zaɓe ya ƙarato.

Mata fa?

Kowane hawa matansa na ƙasa da mazansa, sai dai nauyin ba ɗaya ba ne. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna kusan kashi 76 cikin ɗari na ƴan matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18, kuma abin ya fi yawa a karkara da gidajen marasa hali. A Oktoban 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Mafi yawansu mata ne da yara, da dama daga yankin Kance, a nan jihar Zinder. Bara suka nufa. Ba ƴar attajiri ko ɗaya a irin wannan mota.

Boko na fitar da mutum daga hawan da aka haife shi?

Yana fitarwa, mun gani da ido. Akwai ƴaƴan manoma da suka zama likitoci da alƙalai, ga jami'a a garin tun 2010, wadda yanzu ke ɗauke da sunan masanin tarihi André Salifou. Amma tsanin ya yi cunkoso. Ɗan mai hali yana makarantar kuɗi, da mai koya masa a gida da yamma. Ɗan talaka yana ajin zana da ake rufewa in ruwan farko ya sauka, cikin yara fiye da yadda mushe ɗaya zai iya riƙe sunayensu. In sun kammala su biyun, sai tambayar nan ta sake dawowa da sabuwar riga: wa ka sani a Yamai?

Da aka buɗe matatar mai ta SORAZ a 2011 a hanyar Tanut, mai tace ganga 20,000 a rana, kashi 60 na kamfanin Sin, kashi 40 na gwamnati, samari sun ɗauka aiki ya zo. Matata kuwa injina ke aikinta, hannun da take ɗauka kaɗan ne in aka kwatanta da masu jira.

Tsugunawa da cire takalmi a gaban babba, ladabi ne ko ƙasƙanci?

Ya danganta da wanda ake yi wa da kuma abin da ya sa. Ka tsuguna wa mahaifinka, malaminka, ko tsohuwar da ta goya ka, ba wanda ya rage ka da komai. "Ranka ya daɗe" a gaban sarki gaisuwar kujera ce da ta girmi mai zama a kanta. Wanda ke damuna shi ne dattijo mai furfura da ya cire takalmi tun daga bakin titi, ya durƙusa a gaban yaron da bai kai ɗansa ba, yana "Alhaji, Allah ya ƙara girma," don yana son a ranta masa kuɗin awon gero. Shi kuma Alhajin yana latsa waya, bai ɗago ba.